An Gwada Shi a Gida

A layin masu gyaran kwamfuta, shagon Injiniya ne ya fi ciniki, kuma ba don ya fi araha ba. Mutane na zuwa ne saboda abin da ya sayar ba ya dawowa. Tsofaffin kaya ne irin na kowa, waɗanda ake sayowa a buhu a zazzage a kan tebur: ram, faifan ajiya, akwatin wuta, fanka. A sauran shaguna sai sa'a. Ka saya yau, jibi ka dawo ana rantse-rantse. Injiniya kuwa in ya miƙo maka abu, yakan haɗa da magana ɗaya.

"An gwada shi a gida."

Mai shagon buga takardu da ke bakin titi yakan ba da shaida ko ba a tambaye shi ba. "Akwatin wutar da na saya a wurinsa tun bara, ko tari bai taɓa yi ba." Matar da ke da makarantar koyon kwamfuta ma duk injinanta da kayansa aka haɗa su. Ba wanda ya taɓa tambayar wane gida ake nufi, ko wa ke gwajin.

Mahaifinsa ne ke gwajin, kuma bai san yana yi ba.

Baba tsohon malamin lissafi ne. Tun da matarsa ta rasu yake zaune a ɗakin gaba na gidan da ya gina, Injiniya da matarsa da yaransu suna ciki. A gida ba a ce masa Injiniya, Auta ake kiransa. Matarsa kuwa Baba bai daina ce mata Amarya ba, duk da babbar 'yarta ta shiga firamare. Akwai kuma babbar 'yar Baba, nas ce a wani asibiti a ɗaya gefen gari. Ita ta saya masa kwamfutar tebur sabuwa dal, don ya rubuta littafin lissafin yara da ya daɗe yana maganarsa. Da yatsu biyu yake bugawa, tun daga hantsi har rana ta yi sanyi. Da yamma yaran maƙwabta su zo ya duba musu aikin gida a baranda.

Kowace safiya yakan fita tattaki, umarnin 'yarsa saboda hawan jini. Amarya na da makullin ɗakin don shara. A wannan lokacin Auta ke shiga da sukurudireba a aljihu.

Abin ya fara ne da ram guda ɗaya, ɗan sillen da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai a cikinsa, wanda yake shakka a kansa. Irin wannan matsalar ba ta nuna kanta a minti goma. Sai injin ya daɗe yana aiki, ya ɗauki zafi. A shago ba shi da wurin ajiye injin yana ta aiki, ga wutar layin tana zuwa tana tafiya. A gida kuwa ga mutum yana wuni a gaban allo, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana zagaye kuskure da jan biro, wanda ba ya iya ganin abu ba daidai ba ya yi shiru.

Da yamma Auta ya leƙa ɗakin.

"Baba, sannu da aiki. Ya mutuniyar taka yau?"

"Ta ba ni haushi. Ina cikin rubutu allon ya koma shuɗi."

"Da ka kunna ne, ko sai da ta jima?"

"Sai da ta jima. Bayan azahar. Kafin nan ta ɗan tsaya cak, kibiyar ta ƙi motsi."

"To, zan duba."

Washegari aka zare wannan ram ɗin aka jefa a kwalin matattu, aka sa wani. Wanda ya kwana biyu a ɗakin Baba bai jawo ƙorafi ba, shi ake kaiwa shago. Kayan asali da suka zo da kwamfutar kuwa, su aka fara sayarwa.

Baba yakan gaya wa abokin tattakinsa, wani tsohon direba, cewa yaron nan ya yi hankali. "Ko takalmi bai cire ba sai ya tambaye ni aikina. Ban zaci haka daga gare shi ba."

Kunnensa ne ya fara kama abin. Wata safiya ya dawo ya kunna, ya tsaya da hannu a kan kibod.

"Amarya!"

Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa tana goge hannu.

"Wa ya taɓa min na'ura?"

"Wa zai taɓa, Baba? Ni ko ƙurar ma da tsoro nake goge ta."

"Wannan ba muryarta ba ce. Da tana huci ne a hankali. Yanzu ji, kamar ana niƙa. Kuma sukuru ɗaya na baya babu."

"Ƙila da ma haka take."

"Ba haka take ba."

"To, Baba. Shayinka yana hucewa."

Da mijinta ya dawo ta tare shi a kicin. "Baba fa ya fara lura."

"Kin ce masa wani abu ne?"

"Ni? Ina ruwana. Amma dai ka rage."

"In rage me? Sata kika ga ina yi? Ga kwamfutarsa can a teburinsa. Aron cikinta nake. Abincin da ake ci a gidan nan, har nasa, daga ina yake fitowa?"

Makullin ya ci gaba da zama a kan firij, inda ya saba samunsa.

Sai aka zo kan faifan ajiya. Auta ya kwafe aikin Baba kafin ya canza, amma ana kiransa a waya daga shago, ya kwafi tsohon rubutun ya bar sabon. Baba ya buɗe littafinsa ya tarar babin rabawa babu shi. Ya nema har idanunsa suka yi ja. Babin da ya fi wahala a kansa ke nan, wanda ya yi ta gyara misalansa har yaran baranda suka gane ba tare da ya yi bayani ba.

"Ka tabbata ka adana, Baba?" in ji Auta. "Mutane da yawa suna mantawa."

"Na adana."

"To ai da yana nan."

Bayan haka aka sa wani allon ciki, farantin da sauran kayan injin ke maƙale a jikinsa, mai mataccen batirin agogo. Duk safiya kwanan watan da ke kusurwar allo sai ya nuna wani abu daban. Baba da ma a nan yake duba rana, don haka ranar ganin likitansa ta wuce yana zaune yana rubutu.

'Yarsa ta zo a ƙarshen mako. Auta ya san da zuwanta, saboda haka da safe ya zuba wa injin lafiyayyun kaya, ya gyara agogo, ya ɗaure sukuru huɗu cif.

"Ana canza min cikin na'ura," Baba ya gaya mata. "Ban san wa ba, ban san dalili ba. Kullum da irin muryarta. Tana cinye min aiki. Tana yi min ƙaryar kwanan wata."

Ta dubi ƙanenta.

"Yaya, sana'ata ce fa," in ji Auta a hankali. "Kunna ki gani da idonki."

Ta kunna. Injin ya tashi ba ko gargada. Kwanan wata daidai. Ta zauna ta buɗe wannan ta rufe wancan, ba abin da ya faru. Baba ya zagaya baya ya shafa da yatsa, ya tarar da sukurun da ya ce babu. Ya daɗe a sunkuye a wurin.

A baranda suka yi maganar, ƙarƙashin tagarsa.

"Tun yaushe yake haka?" ta tambayi Auta.

"An ɗan jima. Ban so in tayar miki da hankali ba."

"Har ni ya tuhuma," in ji Amarya.

Nas ɗin ta yi ajiyar zuciya. "Haka yake farawa. Kullum muna gani. Ana taɓa min kaya, an ɗauke min kaza. Sai mantuwar rana. Gigin tsufa ke nan."

Auta bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya sunkuyar da kai yana juya makullin babur.

"In ya ci gaba zan ɗauke shi ya koma wurina," ta ce. "A raba shi da na'urar nan. Ita ke rikita shi."

Baba ya ji duka.

A asibiti likita ya tambaye shi yau nawa ga wata. Ya san amsar. Amma ya yi wata da watanni yana sanin abu ana nuna masa ba haka ba ne, sai ya tsaya yana auna ta, ya dubi 'yarsa, ya sake aunawa. Likita ya rubuta wani abu kafin Baba ya buɗe baki. Aka ƙara masa ƙwaya ɗaya a kan ta hawan jini, mai sa jiki ya yi nauyi.

Labarin bai kwana a gida ba. Amarya ta gaya wa maƙwabciya don a riƙa sa ido in ya fita, maƙwabciya ta gaya wa sauran. Iyaye suka janye yaransu daga baranda, ba da faɗa ba, kowa da uzurinsa. Tsohon direba ya koma yi masa magana da ƙarfi, yana rarraba kalmomi, yana riƙe masa hannu wajen tsallaka titin da Baba ya fi shi sani. Mai shagon unguwa in Baba ya zo sayen sabulu sai ya ce a bari Amarya ta zo.

Baba ya zauna ya yi lissafin abin kamar yadda ya saba. Duk ƙorafin da ya yi, hujja ce a kansa. In hujjojin suka taru, za a fitar da shi daga ɗakin da matarsa ta zaɓi launin labulensa, a kai shi bene a gidan surukinsa, ba tebur, ba littafi. In kuwa ya daina ƙorafi, ba abin da za a tara.

Da yamma Auta ya leƙo.

"Baba, ya mutuniyar?"

Kwamfutar ta yi ta mutu masa a ranar har ya daina kula da sau nawa.

"Lafiya lau."

"Ba ta ɗauke ba?"

"Lafiya lau take."

Haka kwanakin suka koma. Ya kunna, ya buga rabin shafi, allo ya yi baƙi. Ya jira, ya kunna, ya sake buga rabin shafin. Wani lokaci injin ya yi ta kuka ƙit-ƙit-ƙit ya ƙi tashi, sai ya zauna a gabansa da hannu a kan kibod, don in Amarya ta wuce ta taga ta ga yana aiki. Ya sake fara babin rabawa, amma misalan ba su dawo yadda suke ba, kuma babu yaran da zai gwada su a kansu. Ƙwayar tana sa shi gyangyaɗi a kujera. In ya farka ya tarar da baƙin allo, ba ya iya rantsewa ko ita ta mutu ko shi ya kashe ta. A hankali ya fara yarda ƙila su ne da gaskiya. Ƙila bai taɓa rubuta babin ba.

Wata rana wani wari ya cika ɗakin, kamar roba a kan wuta. Ya taɓa bayan akwatin ya janye hannu da sauri. Ya buɗe taga, ya kaɗa iska da jarida har warin ya fita.

"Ya mutuniyar?"

"Lafiya lau."

'Yarsa ta ji daɗi a waya. "Ka gani? Maganin ya karɓe shi." Auta ma ya ji daɗi. Ya gaya wa matarsa bai taɓa sayo buhu mai albarka irin wannan ba, komai ya sa sai ya wuce. Ya kwashe su duka ya kai shago.

Mai shagon buga takardu ne ya fara dawowa, ɗauke da injin a kafaɗa. Wani akwatin wutar da ya sake saya ya yi tartsatsi ya ƙone allon ciki, ya haɗa da faifan da ke ɗauke da kundin wasu ɗalibai. Bai shiga shagon ba. A tsakiyar layi ya ajiye injin ya ɗaga murya.

"Ba kai ka ce an gwada shi a gida ba? Gidan wa? Gidan makafi?"

Maƙwabtan shago, waɗanda suka daɗe suna jiran irin wannan rana, suka fito suna kallo. Kafin a watse sai ga mai makarantar kwamfuta da ram a leda. Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye a kan teburinsa ta ce, "Injiniya, da na san sa'a zan saya, da na saya a inda ya fi araha."

Ya rufe shago rana tsaka ya hau babur.

Yayarsa tana ɗakin Baba a lokacin, ta naɗa masa abin awon jini a dantse. Auta ya shigo ko sallama babu.

"Baba, makon jiya, ba ka ji wari a ɗakin nan ba?"

Baba ya dube shi. Ya dubi 'yarsa. Ya gaji.

"Na ji."

"Tana ɗaukewa?"

"Kullum."

"To me ya sa ka ce min lafiya lau? Kullum ina tambayarka! Ka sa na kai wa mutum akwatin wuta ya ƙone masa injin, ka zubar min da mutunci a layi! Da ka faɗa min ai da na cire shi na sa wani!"

Abin awon ya gama hurawa, ya saki iska a hankali. Ba wanda ya duba lambar.

"Ka kai wa wa?" in ji yayarsa. "Ka cire me?"

Sai a lokacin ya ji abin da ya faɗa.

Bayanin ya fito gutsure-gutsure. Aro ne. Ba a taɓa barin Baba ba kwamfuta ba. Kasuwa ta yi wuya, kowa a layin yana da dabararsa. Da niyyarsa in ya samu sarari ya mayar da komai sabo. Amarya, da hayaniya ta jawo ta bakin ƙofa, ta ce ita shara kawai take yi, ba ta san ram daga fanka ba.

"Ka tsaya a gabana," in ji yayar, "ka bari na kai shi asibiti."

"Ni ban taɓa cewa yana da gigi ba, Yaya. Ki tuna da kyau. Ke kika faɗa. Ke ce nas."

Ta zauna a bakin gado.

Baba ya kwance abin awon da kansa, ya naɗe shi, ya ajiye a kan tebur.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Sukurun nan da na ce babu."

"Babu shi a ranar."

"Muryarta ta canza?"

"Ta canza."

"Babin rabawa. Na rubuta shi?"

Auta ya dubi ƙasa. "Ka rubuta."

"Yana ina?"

"Faifan... an goge shi kafin a sayar."

Baba ya gyaɗa kai, ya sake gyaɗawa. "Alhamdu lillahi," ya ce. "Ashe na rubuta." Ya ce su ja masa ƙofa.

Sauran maganar a falo aka yi ta, kuma a falo aka binne ta. Yayar ta so a bi gida-gida a gaya wa mutane kan Baba ƙalau yake. Auta ya tambaye ta me za a ce ya faru. In aka faɗi gaskiya, kafin dare ta isa layin masu gyara, shago ya mutu, kuma yara uku ne ke ci daga shagon. Amarya ta yi kuka ta ce da wane ido za ta dubi maƙwabta. Ita ma yayar, da ta natsu, ta tuna cewa ita ta kai mahaifinta gaban likitan da suke aiki tare. Aka tsaya a kan cewa za a ce Baba ya samu sauƙi. Ba a shiga ɗaki an tambaye shi ba.

An daina ba shi ƙwayar. Auta ya zuba wa kwamfutar sababbin kaya, ya manna takardar garanti a kan sukurun, ya mayar wa Baba makullinsa. A shago kuwa ya matsar da wasu kwalaye, ya sa ƙaramin tebur da doguwar waya da batirin ajiyar wuta, inda kaya ke wuni suna aiki kafin a sayar. Abin da ake buƙata tun farko ke nan, kuma yini ɗaya ya ɗauke shi. Ciniki ya fara dawowa. Yanzu yakan ce an gwada a shago.

Kwamfutar Baba ba ta sake ɗaukewa ba. Yana kunna ta da hantsi, ya saurari muryarta, ya zagaya ya shafa sukurun huɗu, sannan ya zauna. Littafin yana nan a inda ya tsaya, a bakin babin rabawa. Yaran baranda ba su dawo ba; iyayensu sun ce irin wannan ciwon yakan lafa ya tashi.

Da safe yana fita tattaki. A bakin titi tsohon direba ya kama hannunsa, ya matso da baki kusa da kunnensa, ya ɗaga murya.

"Malam! Ka gane ni? Ya jikin? Ya gida, ya yara?"

Baba ya bar masa hannun.

"Lafiya lau," ya ce.